Waken da Ƙwaro Ya Ƙi

Munkaila yana tsaye a kan tsohuwar tayar mota da aka binne rabinta a ƙofar asibitin Matameye, ya miƙa salularsa sama kamar mai ba raƙumi ciyawa, sa'ad da kiran Yamai ya shigo. Duk faɗin asibitin a nan kaɗai rezon waya ke yarda ya sauka, shi ma sai an hau taya. Munkaila ya tsufa a aikin jami'in tsabta, ya rufe mahauta, ya kori masu nono mai ruwa, amma garin bai san shi da komai ba sai hawan taya.

Shekarar ce da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, sojoji kuma suka karɓi mulki. A ranar kasuwar Dungu wasu yara suka ci ƙosai a wurin wata bazawara mai suna Tanna. Kafin la'asar biyu sun rasu, bakinsu na kumfa, jikinsu na fizga. Manyan da suka ci sun yi amai da jiri, suka tashi. Wasu suka ce guba ta zuba, wasu suka ce mayya ce. Jandarmomi suka ɗauke ta kafin a ƙone rumfarta da ita a ciki, suka kawo ta Matameye suka ajiye.

Munkaila aka tura ya ɗebo abin gwaji. Ya ɗebi man suyarta, da ruwan rijiyar da take ja, da ragowar wakenta. Mutanen labo, ɗakin gwaji na Yamai, suka ce ya haɗa da na huɗu, wake mai kyau daga wani gida dabam, wanda za a gwada sauran da shi. Wannan bai ba shi wahala ba. A ɗakin ajiyarsa akwai buhun da ya kusa shekara, ko huda ɗaya babu a jikin ƙwayarsa. Ya ɗebi hannu biyu ya ɗaure, har yana jin daɗin cewa yau gidansa zai zama ma'aunin tsabta na ƙasa.

Mai kiran Hajara ce, wadda ke riƙe da na'urar labo. Tana bayansa a makarantar Damagaram, ta wuce ta bar shi yana leƙa salga. Bayan gaisuwa da tambayar zafi, ta fara yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa tsohon da ake girmamawa amma ba a tsammanin zai gane. Ta ce sun niƙa waken, sun tatso abin da ke cikinsa, sun tura shi ta wani siririn bututu mai tsawo. A cikin bututun komai yakan rabu da ɗan'uwansa, kamar garke a ƙuntataccen burtali: awaki su fara fita, tumaki su biyo, shanu su zo a ƙarshe. A bakin fita kuma akwai wata na'ura da ke farfasa duk abin da ya iso ta auna gutsattsarinsa, daga nan ta gane ko wane ne shi. Kowane abu yakan bar tsini a kan allo.

Ta ce man suya babu komai. Ruwa babu komai. A waken Tanna akwai tsini, tsohon maganin fara ne da aka daɗe da hanawa, irin wanda ba ya lalacewa ko da an dafa.

"Amma, Yaya Munkaila, lamba huɗu fa? Daga ina ka samo shi?"

Ya ce ai shi ne mai kyau ɗin.

"Na ɗauka na'urar ce ta haukace. Na wanke ta na sake. Maganin iri ɗaya ne da na matar, sai dai nata tsauni ne, naka hasumiya. Me ya sa ka ce mai kyau ne?"

"Ba ƙwaro ko ɗaya."

Hajara ta ce, "Waken da ƙwaro ya ƙi, shi za ka ba mutum?"

Ta ce da alama rumbu ɗaya ne ya haifi buhunan biyu, kuma muddin rumbun yana nan, wasu yaran suna layi. Tana son sunan mai shi kafin a tashi aiki, don shugabanta ya sanar da ma'aikata. Munkaila ya ce zai bincika. Ya sauko daga tayar ya zauna a kanta.

Babu abin bincike. Buhun daga Icirnawa ya zo, daga surukinsa Alhaji Illa, mahaifin matarsa Salamatu. Kowace kaka yakan aiko musu da buhu guda, an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle. Mutum ne mai hannun kyauta, bai taɓa yi wa Munkaila gorin albashinsa ba, abin da Munkaila kansa yakan yi wa kansa kowane ƙarshen wata. Kuma tun ranar da aka ɗaura auren, Munkaila bai ƙara furta sunan dattijon ba, kamar yadda kowane suruki mai kunya yake yi. Baba na Icirnawa yake cewa. Har direban motar asibiti, da aka yi rashin sa'a shi ma Illa ne, mai sunan Baba yake kiransa.

Buhun ya daɗe a ɗaki ne saboda Jamilatu. Ita ce autarsu, ba ta kai shiga makaranta ba. Tana son dafaffen wake da ɗan gishiri fiye da nama, takan zauna a bakin tukunya da ƙaramar tasarta tun ruwa bai tafasa ba. Bayan an buɗe buhun ba da daɗewa ba, Munkaila da Salamatu sun yi ta ciwon kai, suka ɗora wa rana. Ita kuwa Jamilatu wata safiya ta faɗi a tsakar gida tana fizga, kumfa a bakinta. Aka ce zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai, kamar yadda yakan hau wa yara da yawa. Tun daga ranar Salamatu ba ta sake ɗora wake a wuta ba.

Munkaila ya tura kekensa zuwa ofishin jandarma.

Ajidan Lawali, shugaban jandarmomin, yana shan shayi a inuwa, ya cire takalmi ɗaya. Ya ce magana ta ƙare: an sami guba a wakenta ko ba a samu ba? An samu? To, gobe mota za ta kai ta gidan kaso na Damagaram. Sabon perfe mai mulkin yankin, wanda soja ne, yana jiran baƙi masu kawo agajin abinci, ba ya son su tarar da gari yana maganar mayu. Ya ƙara da cewa sun tambaye ta inda ta sami waken har sun gaji, kullum amsarta ɗaya, a kasuwa ta saya, ba ta san mai sayarwa ba.

"Bazawarar da ba ta da tiyar gero, ta sayi buhun wake a bana?" in ji ajidan. "Ni kaina da galan biyu a kafaɗa ban iya ba. Shiga ka gan ta, Malam mai taya. Wataƙila kai za ta ji tausayinka."

Tanna tana zaune a kan tabarma a wani ɗaki da ke bayan ofis, inda ake ajiye kekunan da aka kama. Ƙaramar mace ce, hannayenta duk tabon tartsatsin mai. Kusa da ita akwai kwano a kife. A nan ba a ciyar da wanda aka tsare sai danginsa sun kawo, nata kuwa ba wanda ya yi ƙarfin halin zuwa.

Munkaila ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce mata ba ita ta zuba komai ba, maganin tun a rumbu yake. Ta ce Allah ya sani. Ya tambaye ta ko bakin buhun da jan ƙyalle aka ɗaure shi. Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi sosai.

"Kai ne mijin Salamatu."

Ya ce shi ne.

"Mijina a gonar mahaifinta ya yi aiki har ya mutu. Ranar da ba ni da abin da zan sa a tukunya, da kansa ya aiko, ya ce in yi jari, kada kowa ya ji. Malam, wanda ya rufa maka asiri, da wane baki za ka kai shi gaban soja? In na faɗi sunansa, gobe wace bazawara za a sake ba?"

Ya ce za a kai ta Damagaram. Ta ce ta ji, ai can ma ƙasar Allah ce. Da ya miƙe zai fita, ta ce ya yi haƙuri, ta ji rasuwar yarinyarsu ba ta sami zuwa gaisuwa ba, Allah ya sa mai ceto ce. Munkaila ya amsa da amin, ya yi karo da wani keke, ya ba keken haƙuri.

A hanyar gida ya yi ta shirya wa kansa mafita, kuma ya lura cewa yana da baiwar hakan. Zai iya cewa a kasuwar Kance ya sayi lamba huɗu. Zai iya zuwa Icirnawa a ɓoye ya roƙi dattijon ya binne abin da ya rage. Ya san yadda abin ya faru ba tare da an gaya masa ba: da aka ga alamar fari tun bara, kowa ya so abincinsa ya daɗe, wani ya kawo tsohon bidon magani daga ragowar yaƙin fara na shekarun baya ya ce wannan ba ƙwaron da ke tsallake shi. Gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya nufi kowa da sharri. Duk mafitar da Munkaila ya shirya tana da kyau, illa dai a cikin kowace Tanna tana cikin mota gobe.

Da ya tura ƙofar gida sai ya ji ƙarar da ya daɗe bai ji ba, ƙarar wake a kan faifai. Salamatu tana zaune a kan kujerar tsuguno tana tsince shi. Jan ƙyallen yana gefenta a ƙasa. Ƙaramar tasar Jamilatu ce ma'auninta.

Ta ce ta ji a gidan suna cewa matar nan ta Dungu ba mai kai mata abinci. Ko mayya ce, ai yunwa ba ta san haka ba. Ta ga buhun Baba yana zaune ba amfani, ta ce bari ta dafa ta aika, ladan ya kai wa yarinyar.

"Dubi, har yanzu kamar jiya aka sussuka. Ko tsintar ma ba ya buƙata."

Munkaila ya jingine keke. Ya karɓi faifan daga hannunta ya ɗora a kan katanga inda kaji ba za su kai ba. Ya ɗebo ruwa da sabulu ya ce ta miƙo hannu, ya zuba mata. Ta yi dariya ta ce yau aikin ofis ya biyo shi gida. Da ta ga fuskarsa sai ta bari.

Ya gaya mata komai a tsaye, burtalin da tsinin da hasumiyar. Ba ta katse shi ba. Idonta yana kan tasar.

"Jamilatu?" ta ce.

"Na'urar wake ta gwada. Ba ta ce komai a kan Jamilatu ba."

"Kai fa, me ka ce?"

Ya sunkuya ya ɗauki sabulun. Wata kaza ta zo ta dubi katangar ta koma. Salamatu ta ci gaba da goge hannunta da zane ko da yake ya riga ya bushe. Daga can ta ce, kamar mai magana da kanta, Baba ya aiko saƙo jiya cewa tunda yunwa ta yi tsanani, ranar Juma'a zai buɗe rumbun ya raba sauran a ƙofar masallaci.

Ta shiga ɗaki. Munkaila ya ɗauka kuka za ta yi, ya tsaya yana tunanin ko ya bi ta. Sai ta fito da mayafi.

Rana ta karkata sa'ad da suka isa asibiti. Masu jinya suna zaune a gindin darbejiya, sun saba ganin jami'in tsabta a kan tayarsa, ba wanda ya ɗaga kai. Ya hau. Tayar ta yi zafi, Salamatu ta kama gefen rigarsa don kada ya faɗi.

Hajara ta ɗauka tun bugun farko. Ya ce ya gano rumbun, a Icirnawa yake, kuma lallai a rufe shi kafin Juma'a. Ya ce a sanar da jandarmomin Matameye cewa matar kyauta aka ba ta, ba ta san komai ba. Hajara ta ce to, ta riƙe alƙalami, sunan mai rumbun?

Munkaila ya dubi matarsa. Ba ta dube shi ba, amma ba ta saki rigar ba. Ya buɗe baki, sunan ya fito a hankali, baƙo a harshensa kamar kalmar wani yare.

Salular ta yi ƙara, ta yi shiru, ta dawo.

"Yaya Munkaila, rezo ya yanke, ban ji ba," in ji Hajara. "Ɗaga murya ka sake faɗa."