Taɓaryar Rimi

Kubura ko sallama ba ta ƙarasa ba ta nuna ta tsakiya.

"Wagga ta, Baba."

Taɓare uku ne jingine da bangon ɗaki, biyu na gaske, ɗaya ta bogi. Baba Yari, maƙwabcinsu masassaƙi, ya dube ta daga kan tabarma ya girgiza kai. Ya ce da matarsa Kulu ta jefa ta tsakiyar bayan ɗaki, tunda ko ɗiyar da ba ta gama shigowa gida ba ta gane ta.

Abin ya samo asali ne daga Murtala, mai shagon waya a bakin tasha, wanda ya tara abokansa suna haɗa fim. Akwai wurin da matar gida ke rafka wa ɓarawo taɓarya a ka. Da suka gwada da ta gaske, mai fitowa a ɓarawon sai da aka yi masa ɗinki. Shi ne Murtala ya roƙi tsohon ya yi masa wadda ido zai rantse ta iccen ƙirya ce, amma ko jariri aka buga wa ba zai farka ba.

Duk Ƙaura an san Baba Yari da neman icce mafi nauyi, don turmi da taɓarya ya yi ta sassaƙa har ya tsufa. Yanzu ga shi ƙafafu sun kumbura, numfashi na yi masa gardama, asibitin Gusau sun sallamo shi da magunguna da haƙuri, amma ya ɗauki aikin kamar sarki ne ya aiko. Kubura ya naɗa alƙaliya. Ya ce idan macen da ta tashi da daka ta gane ta da ido, to aikin banza ya yi.

An fara da soson katifa da aka naɗa wa kara, ya lanƙwashe. Murtala ya kawo bututun roba na famfo, tsohon ya ƙwanƙwasa shi da farce ya mayar masa. Karan dawa da yumɓu kuwa, rana ɗaya suka sha suka tsattsage. Wadda Kubura ta kama yau ta iccen dashi ce, ta yi fari fat duk da ƙunar da ta sha.

Shi dai Baba Yari busasshen rimi yake so, don ba ya da nauyi. Ya san inda wani ya faɗi a bayan Birnin Tsaba, sai dai gonakin can ko masu su ba sa leƙawa saboda 'yan bindiga. Kubura ta matsa wa mijinta Sha'aibu, direban hanyar Zurmi da Shinkafi, ya ce shi a kan kwalta ma da addu'a yake wucewa, balle daji. Sai da aka kwana biyu ya dawo daga kasuwar Shinkafi da wani reshen rimi da ya tsinta cikin kayan wani mai icce daga Katuru. Baba Yari ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya yi dariyar da ta ƙare da tari.

A zaune ya sassaƙa ta, sara kaɗan, hutu mai yawa. Ya babbake ta, ya shafa mata toka da man gyaɗa, ya cusa dusar gero a tsagar gindinta. Ranar da aka jera ta, Kubura ta shigo da niyyar nuna wata daban, don tausayinsa ya gama cika ta. Ta ɗaga hannu za ta nuna ta gefe, idonta kuwa ya riga ya sauka kan ta rimin.

"Kak ki yi man ƙarya, ɗiyata. Mi kig gani?"

"Ƙugunta, Baba. Ba ta sha hannu ba. Ta gaske tana da santsi inda aka riƙo."

Ya ce wannan santsin shekaru ke yin sa, shi kuwa ba ya da su. Kubura ta koma gida tana jin haushin idonta.

Daga nan bai ƙara riƙe gizago ba. Ya kwanta da taɓaryar a gefensa, tafinsa na kai da komo a ƙugunta, ko ana gaishe shi, ko yana gyangyaɗi. Kulu ta sha ƙoƙarin janye ta, ya riƙe. Kubura kan kawo kunu ta mayar da shi yadda ta kawo. Bai sake cewa a jera mata ba, ita ma ba ta yarda ta dubi wajen ba. Wata Laraba da hantsi, ana cikin sharar tsakar gida, ya cika.

Ranar sadakar uku mata suka taru dakan gumba. An tattaro turame da taɓaren unguwa, an haɗa da na gidan, duk an jingine a bango. Kubura, ido a kumbure, ta duba ta zaɓi wadda ta fi shan hannu, don kada ta yi mata kanta a hannu. Ta gyara tsayuwa gaban turmi, ta tattara ƙarfi ta ɗaga.

Hannuwanta suka tafi sama babu komai a cikinsu sai iska, har ta yi taga-taga. Wata ta kwashe da dariya, ta gimtse.

Kulu da ke zaune a ƙofar ɗaki cikin mayafin takaba ta ɗago kai.

"Ba ki gane ta ba?"

"Ban gane ta ba, Inna," in ji Kubura. Ta juya wajen da tabarmarsa take, an riga an naɗe ta.

Sauran matan suka ci gaba da luguden. Kubura ta zauna kusa da Kulu, ta ɗora taɓaryar rimin a cinyoyinsu, Kulu ta sa tafi a ƙugunta tana shafawa.