Sista Ta Ce Sai Haƙuri

Ni goge-goge ne aikina a ɗakin gaggawa na asibiti. Karatun nas kuwa a kwandon shara na yi shi, duk littafin da ɗalibai suka yar sai in ɗauka.

Sista takardunta bakwai a bango, har da ta halartar taro. Abin sauraron ƙirjinta sabo ne dal, tana rataya shi kamar sarƙar gwal. Kansa fuska biyu ne, murzawa ake yi, in ka buɗe ɗaya sai ɗayar ta toshe.

Da hantsi wani dattijo direban tifa ya shigo ɗauke da makanikin da ya buge yana yin baya da mota a gareji. 'Yan'uwan makanikin uku na biye da shi, babbansu riƙe da sifana mai tsawon hannuna.

Sista ta ɗora abin sauraron a ƙirjin makanikin, ta lumshe ido, ta karkata kai yadda take yi in ana kallonta. Ta matsar da shi ƙasan nonon hagu. Ta cire, ta duba agogo.

Ta ce, "Sai haƙuri."

Ba ta rufe baki ba sifana ta sauka a kafaɗar direba. Na ji ƙashi ya ce ƙas. Suka kayar da shi, ɗaya ya take masa ciki, ɗaya yana buga kansa da ƙafar gado. Haƙorinsa ya faɗo daidai inda na gama gogewa. Sista ta shige bayan labule.

Na kalli gawar. Zufa take yi. Na sa yatsu biyu a gefen maƙogwaro, sai na ji jijiya tana harbawa da sauri, siririya kamar zare. Na danna farcensa, ya yi fari, ya daɗe bai koma ja ba. Littafina ya ce wannan jini ne ke zuba ta ciki.

Na ce, "Yana da rai!"

Ba wanda ya ji. Babban ya ɗaga sifana saitin kan direba.

Na sheƙa masa bokitin ruwan mopa a fuska, na fizgo hannunsa, na danna yatsunsa a wuyan ƙanensa.

"Yaya, ƙirga."

Leɓensa ya fara motsi. Sifana ta faɗi ƙasa.

"Ke likita ce?"

"A'a. Ka gudu ka kira shi, ƙofa ta biyu."

Likita na zuwa ya sa aka tura makaniki tiyata. Sista ta fito tana gyara hula. Na kama kan abin da ke wuyanta na murza, ya ce ƙit.

"Sista, a toshe yake."

Ta ce, "Ke kika san wannan samfurin?"

Na ce ban sani ba.

Direba na kwance cikin jini, yana kamo bakin zanena.

"'Yata, bai mutu ba?"

"Bai mutu ba, baba."

Ya fashe da kuka. Na naɗe masa haƙorinsa a auduga, na sa masa a aljihu, na je ɗebo wani ruwan.