Sunan Ɗan Fari

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, Safiyatu tana da ɗa mai shekara goma sha biyu, kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, sannan sunan surukinta aka sa masa, Maharazu. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. In tana son ya zo, sai ta ce "kai". In maganarsa ta kama dole, sai ta ce "yaron Goggo". Shi kuma Adda yake ce mata, kamar yayarsa. Mutanen rugarsu da ke gabas da Kiyawa suna yaba mata, suna cewa ta cika mai fulako, wato kunyar Fulani. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da yaron ya ƙaru da shi a wannan yabo.

Da bazarar da ta biyo baya ya ɓata. Ubansa Jaji ya kora shanu fadama wajen Miga, yana zaton yaron yana gida wurin kakarsa, Goggo Indo. Ita kuma Goggo tana zaton ya bi ubansa. Safiyatu kaɗai ta lura sandarsa tana jingine a jikin zana, gorarsa tana rataye, alhali bai taɓa fita kiwo babu su ba.

Ta daɗe tana juya maganar a ciki kafin ta ce, "Goggo, sandar nan ba ta tafi kiwo ba."

"To ƙafa gare ta?" in ji tsohuwar, tana bakace. "Angon nawa ya gudu ya bar ni, ya bi shanu. Ke mene ne naki a ciki? Ko yau kika fara yi mini cigiyar miji?"

Matan gidan suka yi dariya. Safiyatu ta sunkuyar da kai, ta koma kan turminta.

Sai da kasuwa ta zagayo, Jaji ya aiko a turo masa yaron ya taya shi shayar da shanu, sannan aka gane. Aka yi cigiya a masallatai, aka sanar da 'yan sanda, maza suka leƙa rijiyoyi da tashoshin mota. Masu jaje suna wuce Safiyatu su durƙusa gaban Goggo, domin ba a yi wa uwa maganar ɗan fari. Ita ma ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta ci gaba da ɗaukar ƙwaryar nono zuwa Dutse, sai dai ta daina bin gidajen ma'aikata inda take da masu saye. Ta koma bin gefen gari.

A lokacin Dutse cike take da kangaye. Tun da ta zama babban birnin jiha ake aza bulo a watsar. Wata rana da azahar Safiyatu ta iso wani jerin irin waɗannan gidaje a gindin duwatsu, cikin bishiyoyin dabino. Babu ƙofofi, babu tagogi, sai ramukansu. Daga can nesa ana jin gudumar masu fasa dutse.

"Mai nono, shigo," in ji wata murya daga cikin wani kango.

A bakin ƙofar ta ga silifa ƙanana an jera su daidai, kamar a ƙofar makaranta. Amma ba ƙarar karatu. Ba tari, ba dariya. Warin sholishon facin taya ya haɗu da ƙamshin turare mai tsada.

Ta yi sallama ta shiga. Wani mutum mai farar riga tas yana zaune a kan darduma, carbi a hannunsa. Wani ƙaton saurayi yana tsaye a bayan ƙofa. A jikin bango kuwa yara ne kusan goma, duk an yi musu aski ƙwal, duk riga iri ɗaya. Ƙudaje suna yawo a fuskokinsu, ba wanda ya ɗaga hannu ya kora.

"Alhaji Gwadabe sunana," in ji mutumin, muryarsa a sanyaye. "Marayu nake riƙo saboda Allah. Dama musu."

Ta durƙusa ta ɗauki ludayi. A nan ta ga ɗanta, kusa da kusurwa, da tabon ƙahon maraƙi a saman girarsa. Shi ma ya dube ta, kamar yadda ake duban bango. Nono ya zube a kan siminti.

"Kin zubar da nono, Fillo. Kin san wani a ciki ne?"

Ta sake duban kusurwar.

Ya bi inda idonta ya tsaya, ya yi murmushi. "Af. Ɗan fari ne ke nan." Ya ja carbi. "Kin san yanzu babba in ya yi sata, hannunsa ake yankewa. Yaro kuwa bulala ce a sallame shi. Ga shi yana shiga ta inda babba ba ya shiga. Ni kuma ba kowane yaro nake ɗauka ba. A kasuwa nakan saya masa rake, in tambaye shi, kai ne babba a ɗakinku? Wanda uwarsa ba ta iya cigiyarsa, kafin a tashi nemansa mun yi nisa."

Ya faɗi haka ba tare da ya rage murya ba. Bai ɗauke ta mutum ba, balle ya ji tsoronta.

"Bayan la'asar mota za ta zo," ya ci gaba. "Na sa musu sababbin sunaye, na ba su abin da ke kwantar da hankali. Amma ni ba azzalumi ba ne. Kira naki. In ya amsa, ki tafi da shi."

Saurayin bayan ƙofa ya yi dariya ta hanci.

Safiyatu ta buɗe baki. Abin da ya saba fita shi ya fita.

"Kai."

Duk yaran suka ɗago kai a lokaci ɗaya. Duk suka zuba mata ido, kowa yana jira.

Alhaji Gwadabe ya kaɗa kai kamar malamin da ɗalibansa suka ba da hadda daidai.

"Kin gani? Duk naki ne. Wanne za ki ɗauka?"

"Maharazu," ta ce. Ko ita ba ta ji ba.

"Me kika ce?"

"Maharazu."

Yaron bai motsa ba. Ya san sunan, ya san muryar, amma bai taɓa jin su a haɗe ba.

Ta miƙe tsaye, mayafinta ya zame, ta ɗaga murya irin wadda ake kiran saniyar da ta yi nisa a daji. "Maharazu!"

Bangayen da ba rufi suka mayar da sunan, duwatsu ma suka mayar. Gudumar masu fasa dutse ta tsaya.

Leɓen yaron ya motsa. "Adda?"

Ta tsallake ƙwaryar ta damƙi wuyan hannunsa, ta ja shi. Ba ta daina kiran sunan ba. Saurayin ya taso, Alhaji ya ɗaga masa yatsa, domin ta ramin taga ana hango maza sun ajiye guduma suna leƙowa. A bakin ƙofa wani ɗan ƙarami ya riƙe gefen zanenta.

"Ni Kamilu ne," ya ce a hankali. "Daga Kafin Hausa."

Aka fizge shi ciki.

Kafin masu fasa dutse su fahimci abin da take faɗa, kafin ɗan acaɓa ya je ya zo da 'yan sanda, la'asar ta gota. Suka tarar da kangon an share shi tas, har da sawun tsintsiya. An wanke ƙwaryarta an kife a tsakiyar ɗakin.

Maharazu ya daɗe kafin ya dawo daidai. Da damina ta faɗi ya koma kiwo. Safiyatu ta ci gaba da kiransa da sunansa a gaban kowa. Wasu matan rugar suka ce birni ya cire mata kunya.

Ita ta matsa wa Jaji ya je Kafin Hausa a yi shelar Kamilu bayan sallar Juma'a. Aka yi, ba wanda ya fito. Sai a Juma'ar gaba wani dattijo ya zo ya ce suna da Kamilu, ɗan fari ne, amma ai yana wurin kawunsa. Aka aika wurin kawun. Kawun ya ce shi rabonsa da yaron tun kafin azumi.