Sallamar Inna

Likita ya ce ƙullutun da ke wuyan Inna ba kansa ba ne, cire shi kawai za a yi. An cire shi kuwa, amma aikin ya taɓa jijiyar murya. Kowa sai barka yake yi mana, sai ka ce murya ba komai ba ce.

Baba makaho ne, da kunne ya san matarsa. Ranar da aka sallamo ta, Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinsa dafe da bandejin wuyanta, ta yi sallama da dusasshiyar murya.

Baba ya gyara zama, ya amsa da ladabi. "Sannu, baiwar Allah. Ai matar gidan tana asibiti, sai dai ki dawo."