Rumbun da Aka Kankare wa Shekaru

Tun ranar da aka ce rumbun Harlan Moyer na shekarar 1791 ne, Elwood Dreisbach bai sake jin daɗin abinci ba. Harlan ƙanin matarsa ne, gonarsa na tsallaken titi, kuma kaf wannan kwari na Pennsylvania ba wanda bai san shi da ƙyuya ba. Katafaren rumbunsa na katako ya karkace, rufin na yoyo, tantabaru sun mai da shi gidan ubansu. Amma wata masaniya daga jami'a ta zo ta huda ginshiƙansa, ta ƙirga zobban cikin itacen, ta yanka masa shekara. Ga shi ƙungiyar tarihi ta gundumar za ta kafa allon tagulla a jikin rumbun da ya fi tsufa, kuma sunan Harlan ke bakin kowa.

Kishi ne tsagwaronsa, Elwood ma ya sani. Shekara arba'in yana yi wa nasa rumbun hidima, kuma kakansa ya sha gaya masa an ɗaga shi tun zuriyar Moyer ba su zo kwarin ba.

"Ka ci dankalinka mana," in ji matarsa Verna. "Allo ne fa, ba Aljanna ba."

"Ƙaninki ko ƙusa bai taɓa bugawa a kangon nan ba."

"To kira matar ta duba naka, mu huta."

Ya kira ta. Sunanta Nadine Sobczak, ta ce sai nan da mako uku. Da ya shiga rumbun da idon baƙo, sai kunya ta kama shi. Gefen ginshiƙan duk tsohon ɓawo ne a manne, ƙwari sun rarake ƙarƙashinsa, gari na zuba. Wannan ƙazantar zai nuna wa mutuniyar jami'a? Ya ɗauko gizago da tsani, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya feƙe ɓawon, ya bi ruɓaɓɓen farin itacen har sai da ya taɓo jan mai tauri. Ya goge, ya shafa mai, ya tara tarkacen ya cinna masa wuta. Bayansa ya yi tsami, amma zuciyarsa fes.

Ranar da Nadine ta zo, Harlan ya tsallako ba gayyata, hannu a aljihu.

"Suruki, nan coci ne ko rumbu? In cire takalmi?"

Elwood bai kula shi ba. Nadine ta kunna tocila tana bin ginshiƙan, tana shafawa da tafin hannu. Ta hau tsani, ta sauko, ta leƙa ƙarƙashin inda ake jibge ciyawa. Sannan ta juyo gare shi.

"Mista Dreisbach, ina ɓawon?"

"Na share shi tas," ya ce da alfahari. "Mako uku ina fama."

Ta kashe tocilar. "Itace kowace shekara zobe ɗaya yake ƙarawa. Na ƙarshe, wanda ke manne da ɓawo, shi ne shekarar da aka sare shi. Shi na zo nema. Kaurin nawa ka cire?"

Ya nuna mata da yatsu biyu.

"Shekara ashirin ke nan, ko talatin, ko fiye. Ina tarkacen?"

"Na ƙone."

"Zan huda in tafi da ɗan guntun itacen, amma iyakar abin da zan iya rubutawa shi ne an sare shi bayan shekara kaza. Da wannan ba za su ba ka allo ba."

"To shi nasa fa?" Elwood ya nuna Harlan da haɓa.

"Nasa ba wanda ya taɓa shi tun da aka gina."

Elwood ya jira dariyar, har ya shirya baƙar maganar da zai mayar. Harlan bai yi dariya ba. Ya cire hula yana kallon ginshiƙan masu sheƙi.

"Ni ma na san naka ya girmi nawa," ya ce. "Baba ya sha faɗa, a naku aka ajiye ciyawarmu shekarar da ake ginin namu."

Elwood ya juya wurin Nadine da sauri. "Kin ji ko? Rubuta wannan."

"Na ji," ta ce, tana ɗaura bakin abin hudawa. "Amma ni abin da itace ya faɗa nake rubutawa."