Ƙara Ɗaya, Hukunci Biyu

"Tallafo masa kai, kar ruwan ya sarƙe shi," in ji Tela.

Mai Kitso ta tallafo, ba ta yarda sun haɗa ido da Tela ba. Baba Mai Sulhu ya ɗan kurɓa ya kau da baki. Shi ne tsohon da duk 'yan gidan hayar nan ke kai wa ƙara, daga rigimar layin famfo har ta igiyar shanya. Ba alƙali ba ne, amma in ya faɗa ta zauna.

Bara aka kai masa ƙarar Tela, wai masu kawo ɗinki sun tare ƙofar gida. Ya ce ƙofa ta kowa ce, ta mayar da kekenta ɗaki. Bana aka kai ƙarar Mai Kitso, wuri ɗaya, magana ɗaya. Ya ce a bar yarinya ta nemi abinci. Kowa ya san ita ke masa wanki tun rasuwar matarsa. Tela kuwa tuni masu ɗinkinta suka watse.

"Tela," ya ce, murya can ƙasa. "Maganar ƙofar nan..."

"Baba, sha ruwanka. Mutumin da ko zama sai an tayar da shi, ina shi ina ƙofa?"

Ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Ya dubi Mai Kitso.

"'Yata, da mudu biyu na auna muku. Ko ku biyu a waje, ko ku biyu a ciki."

"Ka warke tukuna, Baba," ta ce, kanta a sunkuye. Ta san in ta koma ɗaki, masu kitso ba za su biyo ta ba.

Kafin azahar ya cika.

Da aka kawo farin yadin likkafani, Mai Kitso aka aika ta kai wa Tela. Ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Taga ɗaya ce, katangar maƙwabta ta toshe ta. Rana tsaka, amma ciki kamar magariba. Tela ta ƙanƙance ido tana neman kafar allura, zare na kuɓuce mata.

"Yaya," in ji Mai Kitso, "ki fito da kekenki. Zan matsa, wurin ya ishe mu."

"Yau kika ga faɗinsa?" Tela ta lashi bakin zaren. "Haska mini nan."

Mai Kitso ta durƙusa ta kunna fitilar waya. Hasken na ta karkarwa a kan farin yadin, har Tela ta kama mata wuyan hannu ta tsayar da shi.