Gashin da Ya Shiga Idon Sannu-Sannu

Shekara goma sha ɗaya Mai Aski yana auren 'yar Hedimasta, amma tsohon bai taɓa ba shi ko makullin motarsa ya riƙe ba. In an tashi kwasar kaya, sai ya ce, "A ba shi wanda ba ya fashewa." Abin yana ci wa Mai Aski rai ƙwarai, sai dai suruki ba abokin musu ba ne.

Abu ɗaya ne tsakaninsu da ba wanda ya sani. Duk bayan mako uku Hedimasta kan zo shago da sassafe, a sauke labule, a rage masa suma, a shafa masa baƙin rini. Ya haura saba'in, kansa ya yi fari fat tun tuni, amma matarsa Inna tana nan tana shelanta wa duniya cewa mijinta ko furfura ɗaya ba shi da ita, gadon gidansu ne. Idonta ya yi rauni, shi kuma da hula yake kwana.

Tun da ya yi ritaya Hedimasta ya rasa wanda zai riƙa yi wa tsawa, sai ya sayi hawainiya ya sa mata suna Sannu-Sannu. Da tafiyar mako guda ta kama shi da Inna, ya bi maƙwabta gida-gida yana neman mai riƙe masa ita, kowa ya ce shi da hawainiya sai dai daga nesa. Dole ta sa ya zo shago ranar tafiyar da ita maƙale a ƙirjin rigarsa, kuma ya ƙi sauke ta har aka gama aski da rini. Sannan ya miƙa kejinta da takardar dokoki goma sha huɗu da jan biro.

"Amana ce," in ji shi. "Da akwai wani, da ban ba ka ba."

"Godiya nake, Baba," in ji Mai Aski, har da durƙusawa.

Ya kai ta gida ya ajiye a falo kusa da taga. Yana fesa wa ganyenta ruwa sau uku a rana, yana rarrafe bayan gida yana kamo mata gyare, har gwiwar wandonsa ta huje. Da ya ga ganyen kejin sun yi buzu-buzu, hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi, sai da ya yi musu gyaran fuska da almakashi.

A rana ta uku ya tashi ya tarar idonta na hagu ya kumbura suntum, ya rufe. Na dama kuwa yana ta juyawa yana binsa duk inda ya yi, irin kallon Hedimasta sak.

"Na shiga uku!" in ji shi.

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Baban yara, kai ta asibitin dabbobi mana."

"A rubuta a kati? Babanki ya gani? Fuska dai aikina ce, ki bar ni da ita."

Ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi ya ɗora mata kamar yadda yake yi wa mai ƙurajen aski. Ta yi masa huci. Ya yi mata fifita, ya ba ta haƙuri, ya tambaye ta ko da zafi. Da ya ga kamar an samu sauƙi, sai sabo ya ja shi ya ɗauko madubi ya nuna mata gaba da baya. Sannu-Sannu ta ga wata hawainiya mai ƙaton ido tana harararta, nan take ta rikiɗe ta yi baƙi ƙirin, ta faɗo daga reshe. Washegari ya yanka mata ɗan ƙyalle ya rufe idon, ta kama shi da harshe ta nemi haɗiyewa.

Rana ta shida ido ya ƙaru, ta daina cin gyare. Nan fa ido ya raina fata. Ya sa ta a kwalin takalmi ya nufi asibitin dabbobi, matarsa na biye tana cewa ai ta faɗa.

Suna zaune a benci tsakanin wani kare mai tari da zomo mai gudawa, sai ga ƙarar tsohuwar motar nan a waje. Ashe tsofaffin sun dawo da wuri, yara kuma sun faɗa musu inda aka tafi. Hedimasta ya shigo, Inna na bayansa. Ya buɗe kwalin, ya daɗe yana kallo, ya rufe.

"Kwana shida," kawai ya ce.

Da zagi ya yi, da ya fi wa Mai Aski sauƙi.

Likitar, wata doguwar mata mai saurin magana, ta kira su ciki duka. Ta ce kumburin idon hawainiya kan zo daga ƙarancin sinadari a abinci, ko ƙwayar cuta, ko wani abu da ya faɗa ciki. Ta riƙe kan Sannu-Sannu da yatsu biyu, ta wanke idon da ruwan magani a sirinji, ta sake wankewa. A karo na uku wani ɗan abu ya fito. Ta ɗauke shi da ɗan hantsaki ta ɗora a farar auduga ƙarƙashin gilashin ƙara girma.

"Gashi ne," in ji ta. "Amma ikon Allah, rabinsa fari, rabinsa baƙi wuluk. Wannan rini ne. Wa ke rina gashi a gidanku?"

"Mu dai ba a gidanmu ba," in ji Inna da sauri. "Maigidana nasa na Allah ne."

Mai Aski ya leƙa gilashin. Shi da ya san kan kowa a unguwa ta gashinsa, kallo ɗaya ya isa. Wannan gashin da hannunsa ya yanke shi, ranar da tsohon ya ƙi sauke hawainiya daga ƙirjinsa. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa tas. Ya ɗago ya dubi surukinsa. Hedimasta ya dafe hularsa da hannu biyu, gumi na bin bayan kunnensa, yana kallon silin. Wanzami dai ba ya son jarfa, tsohon malami ma ba ya son a kama shi a gaban aji. Tausayinsa ya kama Mai Aski.

"Nawa ne," ya ce.

Duk suka juyo suka kalli kansa. Sanƙo ne da shi tun daga goshi har ƙeya, fitilar likita na ƙyalli a kai. Gemu ma bai taɓa fito masa ba.

"Naka?" in ji matarsa. "Daga ina?"

"Shi kaɗai ya rage mini. Ina ta lallaɓa shi ina rina shi, ashe nan ya faɗa."

Likita ta juya baya kafaɗunta na rawa. Inna ta tafa hannu ta ce, "Oh ni, samarin zamani! Gashi ɗaya ma sai an yi masa ƙarya? Ka yi koyi da surukinka mana."

"Zan yi, Inna."

Aka ba su maganin ɗigawa da garin da za a riƙa barbaɗa wa gyare, likita ta ce cikin mako ido zai sace. Suka fito, matan na gaba suna ta dariyar marigayi gashin Mai Aski. Hedimasta ya rungume kwalin, yana tafiya a hankali har suka yi musu nisa. A bakin motar ya tsaya, ya yi gyaran murya sau biyu, ya laluba aljihu. Bai kalli Mai Aski ba ya miƙa masa makullin.

"Ungo, ɗana," ya ce. "Hannuna da kaya. Kai za ka ja mu."